Tarihin Lambun Monet da Zanen Bado

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san bado, wanda ke shimfiɗa ganye a kan tafki da kududdufi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wani Bafaranshe mai zane, Claude Monet (1840-1926), ya shafe kusan shekara 30 yana zana wannan tsiro, har ya bar zane-zanensa kimanin 250. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kafin Monet ya zana badon nan, sai da ya shuka shi da kansa.

A shekarar 1883 Monet ya koma wani ƙauye da ake kira Giverny, arewa maso yamma da birnin Faris, ya kama hayar gida. Da hannunsa ya yi nauyi, sai ya saye gidan a 1890, ya cika farfajiyarsa da furanni, yana jera su launi-launi kamar yadda yake jera fenti. A 1893 ya ƙara sayen wani fili a tsallaken hanyar jirgin ƙasa, da nufin ya janyo ruwa daga wani reshen kogin Epte ya yi tafki.

To, a nan rigima ta tashi. Mutanen ƙauyen suka ce ba su yarda ba, don suna tsoron baƙin tsire-tsirensa su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha, matansu kuma ke wanki da shi. Sai da ya kai kuka ga hukumar lardi kana aka ba shi izini. Ya haƙa tafkin, ya ɗora masa 'yar gada irin ta mutanen Japan, ya zuba bado masu furanni ja da rawaya da fari.

Me ya gani a tafkin nan da har bai gaji da shi ba? Haske yake bi. Launin ruwa da hantsi daban yake da launinsa da la'asar, ga kuma inuwar gajimare da ta itatuwa a kansa. Da tafiya ta yi nisa sai ya daina zana gaɓar tafkin da sararin sama, ya bar ruwa da bado kaɗai su cika zanen.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Matarsa Alice ta rasu a 1911, aka gano yana a idanunsa a 1912, babban ɗansa Jean ya rasu a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Yanar ta sa launuka suka rikiɗe masa, zanensa ya rinjaya zuwa ja da ruwan ƙasa, har aka yi masa aikin ido a 1923. Duk da haka bai ajiye buroshi ba. Da aka tsagaita wuta a watan Nuwamba 1918, ya yi wa abokinsa Firayim Minista Clemenceau alkawarin bai wa ƙasarsa zanen bado kyauta. An baje manyan zane-zanen nan guda 8, masu tsayin mita 2, a gidan Orangerie da ke Faris a watan Mayu 1927, wata biyar bayan mutuwarsa.

Lambun kuwa ciyawa ta cinye shi bayan an daina kula da shi. Ɗansa Michel ya bar gidan wasiyya ga majalisar masu fasaha ta Faransa a 1966, aka gyara, aka buɗe wa jama'a a 1980.

Hausawa na cewa sai an sha wuya akan sha daɗi. Zanen Monet ya tsiro ne daga noma, da shari'ar ruwa, da haƙurin kallon abu guda shekara da shekaru. Ɗan'uwa ɗalibi mai sha'awar zane, in damina ta sauka, leƙa kududdufin bayan gari da hantsi, ka koma da la'asar, ka gani ko ruwa ɗaya ka tarar.