Tarihin Wasan Rubutu da Manhajojin Shigarsa

A shekarar 1978, a Jami'ar Essex ta ƙasar Ingila, wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya tsara wani wasa a kan babbar kwamfutar jami'ar, ƙirar PDP-10, wanda babu hoto a cikinsa, babu sauti, sai rubutu tsantsa: kwamfuta ta siffanta maka ɗakin da kake ciki, da ƙofofinsa, da wanda ke tsaye kusa da kai, kai kuwa ka rubuta mata cewa ka nufi arewa, ko ka ɗauki takobi, ko ka yi wa wane sallama. Will Crowther ya riga shi a Amurka da wasan kogo mai suna Adventure, amma wancan na mutum ɗaya ne. Sabon abin da Trubshaw ya zo da shi shi ne jama'a su taru a duniya guda a lokaci guda, kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa. Ya raɗa masa suna MUD, a 1980 kuma ya damƙa shi ga Richard Bartle, wanda ya faɗaɗa shi, har jami'ar ta yarje wa mutanen waje su riƙa shiga, amma sai tsakar dare, sa'ad da ma'abota bincike suka kwanta.

Daga nan silsilar ta miƙe: AberMUD a Aberystwyth cikin 1987, TinyMUD na James Aspnes da LPMud na Lars Pensjö cikin 1989, sa'an nan DikuMUD, wanda ɗaliban Jami'ar Copenhagen suka fitar a 1991.

To, shi wasan yana can zaune a kwamfuta mai nisa, kuma a farkon al'amari galibi ba a da hanyar isa gare shi sai telnet, wata tsohuwar manhaja wadda ba a yi ta domin wasa ba, iyakar aikinta ta kai harafi ta komo da harafi. Wahalarta kuwa sai wanda ya ɗanɗana: kana tsakiyar rubuta jimla, sai maganar wani ta faɗo ta raba kalmarka biyu, abin da ya wuce sama ya wuce ke nan, ba ka da ikon komawa ka duba, in yaƙi ya yi zafi, layuka na zubowa, kai kuma kana rubuta umarni guda sau talatin, yatsa ya kuskure harafi ɗaya, sai ka iske an kashe ka an kwashe kayan da ka yi makonni kana tarawa. Wannan ƙunci shi ya haifi manhajojin shiga, kuma abin lura, 'yan wasan ne da kansu suka ƙera su, yawancinsu ɗalibai, suka raba kyauta.

Anton Rang ya fitar da TinyTalk a 1990. TinyFugue ta Ken Keys ta biyo baya da wata hikima mai sauƙi, wato raba fuskar kwamfuta gida biyu, sama domin abin da ke zuwa, ƙasa domin abin da kake rubutawa. A 1992 Peter Unold ya rubuta TINTIN musamman saboda DikuMUD, wadda daga baya aka inganta ta ta zama TinTin++, kuma a irin waɗannan ne abubuwa biyu suka kafu waɗanda har yau su ne ginshiƙin sana'ar. Na farko laƙabi, inda mutum zai ɗaura doguwar jimla a kan harafi ɗaya ko biyu. Na biyu tarko, inda zai ce wa manhajar ta tsare rubutun da ke shigowa, da zarar ta ga an ce yunwa ta kama shi, ta ciro gurasa daga jaka ta ci a madadinsa. Har ƙidayar daƙiƙoƙi take yi, domin a DikuMUD ƙarfin jiki yana komowa ne a wani ƙayyadadden lokaci, wanda ya kwanta barci gab da lokacin ya fi samun rabo.

Nan fa saɓani ya tashi, mai kama da na malamai a kan mas'alar da babu nassi a cikinta. Wasu masu wasanni suka ce laƙabi halas ne, tun da mutum yana zaune yana dannawa, amma wanda ya ɗana tarkuna ya tafi barci, manhaja tana farauta da sunansa har asuba, ya ci haƙƙin jama'a, hukuncinsa kora. Wasu suka ce ai ɗana tarkon ma fasaha ce. Ni dai ra'ayina yana tare da na farko, domin wasan da aka gina a kan zance da mutane, in ka yi sallama aka rasa mai amsawa, me ya rage a cikinsa?

Da Windows ta yaɗu, Mike Potter ya fitar da zMUD a 1995, wadda ta shahara da zana taswirar ɗakuna yayin da mutum ke tafiya, Nick Gammon na Ostareliya kuma ya fitar da MUSHclient. Zaɓi ya koma bin abu biyu, irin kwamfutar mutum da irin wasansa: mai yaƙi yana neman tarko da taswira, mai hira da tsara labari yana neman wurin rubutu mai faɗi da ajiye abin da aka tattauna.

Abin takaici shi ne, wasan da ya fi kowane dacewa da siririn layi da tsohuwar kwamfuta bai iso gare mu a Libreville a kan kari ba. Wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki ne a 2002, Libreville tana cikin tashoshinta, alhali EverQuest mai hotuna ya fito tun 1999, World of Warcraft kuma yana tafe a 2004. Saboda haka samarin unguwar Akébé ta Libreville, har da 'ya'yan Hausawan da kakanninsu suka gangaro fatauci ta Kamaru, da suka fara biyan sefa suna zama awa guda a shagon intanet, wasiƙa da hira da hoto suka tarar ana yayi. Rubutu ya shigo ne ta wata ƙofa, ta ƙananan wayoyin Nokia masu Java: Mxit ta Afirka ta Kudu, wadda ke da wasan rubutu na jama'a mai suna Moonbase, da 2go wadda ta mamaye Kano da Zariya wajen 2011, mai gyaran waya a bakin kasuwa shi ke ɗora wa mutum ita.

Wasannin ba su mutu ba. Wanda ya so shiga yau daga Akébé, Mudlet ta wadatar da shi, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Zai rubuta adireshin wasan, da lambar ƙofa, wadda a zuriyar DikuMUD sau da yawa 4000 ce, sa'an nan sunan da ya zaɓa. Sai dai ya kula da tsarin haruffa, domin tsofaffin wasannin an gina su ne a kan ASCII mai alamomi 128 kacal, babu wasalin Faransanci mai ɗigo a ka, babu ƙ da ɗ da ɓ, in bai zaɓi UTF-8 ba, ko kuwa wasan bai san shi ba, sunan unguwarsa ma a gurɓace zai fito.