Bothy

Bothy wata 'yar bukka ce, galibi ta dutse, da ake bari a buɗe a tsaunukan Birtaniya, musamman na Sikotland, domin masu yawon ƙafa su kwana kyauta. Sunan yana da alaƙa da kalmar "bothan" ta harshen Gelik, wadda ke nufin bukka.

Tarihi

Yawancin bukkokin asalinsu gidajen makiyaya ne da masu gadin gandun farauta, waɗanda suka zama kango bayan mazaunansu sun tashi. Misali, an gina Corrour da ke tsaunukan Cairngorms a shekarar 1877 don mai gadin barewa. A shekarar 1965 aka kafa ƙungiyar Mountain Bothies Association, wadda ta fara da gyaran Tunskeen a yankin Galloway. A yanzu 'yan sa-kai na ƙungiyar suna kula da bukkoki kusan 100 da izinin masu filayen.

Abin da ke ciki

Ba wutar lantarki, ba famfo, kuma mafi yawansu ba su da makewayi. Akan samu dandamalin katako na kwana, wani lokaci da murhu. Matafiyi kan zo da abincinsa, makamashi da jakar kwana. Ba a kama wuri tun kafin a iso, shi ya sa ake riƙo tanti ko da an tarar bukkar ta cika.

Ƙa'idoji

Ana buƙatar baƙo ya tafi da shararsa, ya binne bayan gida nesa da ruwa, kada ya sare ɗanyen itace, kuma ya ba wanda ya iso daga baya wuri. Tunda filayen na wasu ne, mai fili yana iya rufe bukkar idan aka ɓata ta.