Haɗa Magani a Ciwon Damuwa: Daga Bahri zuwa Simsim

Tun kafin masu bincike su fara gardama kan haɗa ƙwayoyi biyu ga mai ciwon damuwa mai tsanani, Sudan ta riga ta san wani haɗin. A 1949 Dakta Tijani al-Mahi ya buɗe asibitin taɓin hankali na farko a Khartoum Bahri, kuma bai raina shehunnan da jama'a ke kai wa marasa lafiyarsu ba, sai ya nemi yin aiki da su. A lokacin ƙwayar maganin damuwa ta imipramine ma ba ta fito ba, sai a 1957. Haɗin al-Mahi na likita ne da dangi da malami, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yanki irin Simsim, ƙasar dawa da riɗi a jihar Gadarif, inda Hausawa ke cikin masu noma, likitan ƙwaƙwalwa kuwa yana nesa.

Wani zai ce ai ƙwaya ɗaya ba ta isa. Gaskiya ne, domin binciken STAR*D na Amurka a 2006 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warke da maganin farko. Amma gwajin CO-MED na 2011 ya tarar cewa fara jinya da ƙwayoyi biyu bai fi escitalopram shi kaɗai ba, kuma haɗin venlafaxine da mirtazapine ya ƙara illa. Wasu nazarce-nazarce na baya sun sami amfani a wasu haɗe-haɗen, sai dai duk suna buƙatar likitan da zai riƙa duba majiyyaci na makonni, abin da ɗan ƙwadagon da ya zo girbi ba ya samu.