Jirgin ƙarƙashin teku da aka gina a tsakiyar hamada

1/ Jama'a, kun taɓa jin labarin jirgin ƙarƙashin teku da aka gina a inda ko teku babu? A jihar Idaho ta Amurka aka yi shi, cikin wani fako mai nisan ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Ya yi shekara 36 yana aiki bai taɓa motsawa ba. Ku gyara zama. 🧵

2/ Bayan yaƙin duniya na biyu, jiragen ƙarƙashin teku da dizal da batir suke aiki. Dole su riƙa lekowa sama su sha iska su yi caji, a nan kuma abokan gaba ke gano su. Kyaftin Hyman Rickover ya dage cewa maganin wannan shi ne injin nukiliya, tunda shi ba ya buƙatar iska.

3/ To amma wa zai zuba mutane cikin jirgi da injin da ba a taɓa gwadawa ba? Sai aka ce a fara gina samfuri a kan tudu. Kamfanin Westinghouse ya yi aikin, daga baya aka sa masa suna S1W. Ya fara aiki ranar 30 ga Maris, 1953.

4/ Injiniyoyi sun so su baje kayan a fili don su ji daɗin gyara. Rickover ya ƙi. Ya sa aka ƙera gangar jikin jirgi ta gaske, aka cusa komai a ciki da irin matsin da za a samu a teku, aka kewaye sashen tukunyar nukiliyar da ƙaton tankin ruwa.

5/ A watan Yunin 1953 aka bar injin yana gudu kusan kwana huɗu ba tsayawa, ma'aikata na bin taswira kamar suna ƙetare tekun Atlantika. Irin wannan inji aka sa wa Nautilus, wanda ya fara tafiya da nukiliya a Janairun 1955, ya kuma ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a 1958.

6/ An ƙara wasu biyu a wurin. A1W a 1958, samfurin injin Enterprise, jirgin dakon jiragen yaƙi mai tukwanen nukiliya 8. Sai S5G a 1965, wanda aka sa shi yana iyo cikin kwarmin ruwa ana girgiza shi kamar igiyar teku. Sojojin ruwa kusan dubu 40 suka koyi aiki a kan ukun nan.

7/ An kashe S1W a 1989, A1W a 1994, S5G a 1995. Aka zare sandunan yuraniyom ɗinsu aka rufe gine-ginen. S1W da aka gina cikin shekara uku kacal, sai a 2022 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fara rushe shi gadan-gadan.

8/ Wani zai ce wannan ai sakaci ne. Akwai batun kuɗi, gaskiya, amma jiran ma yana da amfani. Ƙarfen da ya daɗe kusa da wutar nukiliya shi ma yakan koma yana fitar da radiyeshan, musamman ta sinadarin kobalt-60. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Bayan shekara 33, abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

9/ Ba radiyeshan kaɗai ba ne fa. Gini ne na shekarun 1950: bututai naɗe da asbestos, tarin dalma da aka yi garkuwa da ita, ga sinadarin PCB mai guba a fenti da kayan lantarki. Sai an cire waɗannan a hankali kafin manyan injuna su shigo su yanka ƙarfe. Tarkacen kuma akwai rami na musamman mai shimfiɗar kariya da aka tanada a harabar.

10/ Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Ruwa. A ƙarƙashin wannan fako akwai babbar taskar ruwan ƙasa ta yankin kogin Snake. Ita garuruwa ke sha, da ita manoma ke ban-ruwa, kuma Idaho ce kan gaba wajen noman dankalin turawa a Amurka.

11/ Ana iya gyara wuri tsaf, an taɓa yi. Samfurin S1C da ke Windsor a jihar Connecticut ya daina aiki a 1993, aka kwashe shi kakaf, a 2006 aka saki filin don kowane irin amfani.

12/ Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ragowar makamashin da jiragen ruwan yaƙin Amurka suka ƙone, wannan haraba ta Idaho ake kai shi a duba a adana. A 1995 gwamna Phil Batt ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin tarayya da rundunar ruwa cewa a fitar da irin wannan shara daga jihar kafin 2035.

13/ Ina za a kai ta? Dutsen Yucca na jihar Nevada da aka ware don binne ta, 'yan jihar sun ce ba su yarda ba, aikin ya tsaya tun wajen 2010. Ga wa'adi na ƙaratowa.

14/ Shi ya sa duk ƙasar da na ji tana maganar tashar nukiliya, tambayata ta farko: wa zai biya kuɗin rushewa, kuma ina za a ajiye sharar? Amurka da duk kuɗinta ba ta gama amsa ta biyun ba.

Idan zaren ya amfane ku, ku tura wa wasu. Sai mun haɗu a na gaba.