Asali da Ma'anar Kalmar "Mesha" a Harsunan Sanskrit da Hindi

Wannan maƙala ta dubi tarihin kalmar "mesha", wadda ke nufin rago a harshen Sanskrit. Kalmar daɗaɗɗiya ce, domin ta fito a cikin Rigveda, inda aka siffanta abin bautar nan Indra da ita.

Masana kimiyyar harshe sun gano danginta a sauran harsunan Indo-Turai. A Farisanci "mish" na nufin tunkiya. A Turai kuwa ma'anar ta gusa daga dabbar zuwa fatarta: "maishas" a harshen Lituwaniya buhu ne, "mekh" a Rashanci kuma gashin dabba ne ko zugazugi, kasancewar da fata ake ɗinka irin waɗannan kayayyaki.

A Indiya wani sauyin ne ya auku. Da ilimin taurari na Girkawa ya shigo a ƙarnonin farko na Miladiyya, sai aka laƙaba wa burjin farko sunan Mesha. Shigar rana wannan burji, wajen 14 ga Afrilu, ita ce sabuwar shekarar al'ummar Tamil. Don haka a Hindi "mesh" ta fi nufin burjin, ragon garke kuwa "mendha" ake kiransa.