Shekaru ko Tsayi? Nazarin Dokokin Kujerar Yara ta Mota a Amurka, Birtaniya da Suwidin

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta dokokin kujerar yara ta mota a ƙasashe uku, ta duba ma'aunin da kowace ta gina dokarta a kai da yadda ya dace da halittar jikin yaro. An dogara da abin da dokokin suka tanada, da ƙa'idojin gwajin kujeru na Majalisar Ɗinkin Duniya, da alƙaluman hukumomin kiyaye haɗurra. An gano cewa dokar da ke ƙirga shekaru tana sakin yaro da wuri, kuma iyaye kan ɗauki mafi ƙarancin abin da doka ta nema a matsayin cikakkiyar kariya.

Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Bel ɗin mota mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, amma da jikin baligi aka auna shi. Tambayar wannan nazari ke nan: yaushe yaro ke isa ya shiga bel ɗin manya, kuma ta wane ma'auni doka za ta gane ya isa?

Jikin Yaro a Lokacin Karo

Kan jariri ɗan wata tara ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari na nauyin jikinsa, na baligi kuwa kusan kashi 6 ne. Ƙasusuwan wuyansa ba su gama ƙwari ba. Idan mota ta yi karo ta gaba yana zaune yana kallon gaba, maɗauran kujera za su riƙe kafaɗunsa, kan kuma ya wuce da ƙarfi, nauyin duka ya faɗa a wuya. Kujera mai kallon baya tana tare kai da wuya da gadon baya a lokaci guda, kamar yadda zanen goyo ke tallafe jariri gaba ɗaya. Likita Bertil Aldman na Suwidin ne ya fito da samfurinta a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannati ke kwanciya rigingine lokacin da za a harba kumbo.

Matsalar yaron da ya tasa daban ce. Ƙashin ƙugunsa bai gama fitowa yadda zai riƙe bel ba sai wajen shekara goma. Ƙafafunsa ba sa lanƙwashewa a bakin kujera, sai ya zame gaba don ya sake, bel ɗin cinya ya hau cikinsa, na kafaɗa ya goga masa wuya, ya gaji ya tura shi ƙarƙashin hamata. In an yi karo a haka, hanji da ƙashin baya ne ke ɗaukar duka. Aikin matashin ɗagawa, wanda Volvo ya fitar a 1978, shi ne ya ɗaga yaron har bel ya kwanta a kan ƙashi. Duk wannan magana ce ta tsayi da girman ƙashi. Ranar haihuwa ba ta shigo ciki ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaura daidai na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari, ta masu shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54. Binciken Asibitin Yara na Filadalfiya na 2009 ya samu cewa matashin ɗagawa na rage rauni da kashi 45 ga masu shekara 4 zuwa 8, idan aka kwatanta da bel kaɗai.

Amurka

Jihar Tenesi ce ta fara dokar kujerar yara, wadda ta soma aiki a 1978 bisa fafutukar likitan yara Robert Sanders. Sai da aka yi sassauci kafin majalisa ta amince: an yarda babba ya rungume jariri a madadin kujera. Aka soke wannan rangwame a 1981, domin hannun uwa, komai ƙaunarta, ba ya iya riƙe yaron da ƙarfin karo ya ninka nauyinsa sau da dama. Zuwa 1985 duk jihohi 50 sun yi dokokinsu.

Har yau kowace jiha da tata. Kalifoniya na buƙatar kallon baya zuwa shekara 2, da matashin ɗagawa zuwa shekara 8 ko tsayin kusan santimita 145. Dokar Filorida ta tsaya a shekara 5, wato ɗan shekara shida, wanda tsayinsa kan kasance wajen santimita 115, ya halatta ya shiga bel ɗin manya. Jikin yaro bai canza don an ƙetare iyakar jiha ba.

Birtaniya da Turai

Umarnin Tarayyar Turai na 2003 ya sa ma'aunin a santimita 150, ya kuma bar wa ƙasashe damar sauko da shi zuwa 135. Jamus ta riƙe 150. Birtaniya ta zaɓi 135 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, daga Satumban 2006. Tsohuwar ƙa'idar gwaji, R44, ta raba kujeru bisa nauyi kuma ta yarda a juya yaro gaba da zarar ya kai kilo 9. Sabuwar, R129, wadda ta fara a 2013, ta koma tsayi, ta wajabta kallon baya zuwa wata 15, ta ƙara gwajin karo ta gefe. Daga 1 ga Satumba 2024 an daina sayar da sababbin kujerun R44 a Tarayyar Turai.

Suwidin

A takarda, dokar Suwidin ba ta fi ta Birtaniya tsanani ba: santimita 135 ne. Amma hukumomi da asibitocin yara da kamfanonin inshora sun shafe shekaru suna faɗa wa iyaye magana guda, cewa yaro ya kalli baya har shekara huɗu ko fiye, ya kuma zauna a matashin ɗagawa zuwa shekara 10 ko 12. A 2009 suka fito da gwaji na ganin dama mai suna Plus, wanda ke auna ƙarfin da ke jan wuya, kuma kujeru masu kallon baya ne ke cin sa. Ƙasar na cikin waɗanda mutuwar yara a mota ta fi ƙaranci a duniya.

Tattaunawa da Shawara

Dole a yi adalci ga hujja. Wani bincike na Amurka na 2007, da ya ce kallon baya ya fi kariya ninki biyar a shekara ta biyu, bai tsaya ba da aka sake lissafinsa bayan shekara goma, saboda yaran da aka ƙirga sun yi kaɗan. Duk da haka Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ba ta ja da baya ba. A 2018 ta cire iyakar shekara biyu da ta ba da shawara a baya, ta ce yaro ya ci gaba da kallon baya har ya kai iyakar tsayi ko nauyin da kujerarsa ta yarda. A ra'ayin wannan nazari, wannan ce hanya: a auna yaron, a daina ƙirga masa shekaru.

Darasin ya shafe mu a Najeriya da Nijar kai tsaye, domin yawancin motocinmu da kujerun yaran da ke kasuwanninmu gwanjon Turai da Amurka ne. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari kan tsage ta ciki ba tare da ido ya gani ba, zafin rana kuma na cin roba. Mai saye ya nemi takardar shaida ruwan lemo mai harafin E a jikin kujerar Turai, ya tabbatar maɗauranta cikakku ne, kada kuma ya kuskura ya ɗaura mai kallon baya a gaba inda jakar iska ke aiki. Ga masu tsara doka a Najeriya da Nijar, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: kujera ta musamman zuwa shekara 10 ko santimita 135, ƙa'idar inganci da aka ambata a cikin dokar, da taƙaita zaman yara a gaba. A rahoton hukumar na 2018 ƙasashe 33 ne kacal suka cika waɗannan sharuɗɗa. Ya kamata a rubuta tsayin a cikin doka, a kuma riƙa faɗa wa iyaye tun a ɗakin awo da ranar rigakafi cewa abin da doka ta nema mafari ne kawai.