Daga Ina Takardar Dubawa Ta Shigo Aikin Wayarin?

Tun da aka fara maganar cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai, wadda ke cikin aikin layin fayiba mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi, wata tsohuwar gardama ta sake tasowa tsakanin masu wayarin. A irin waɗannan cibiyoyi ba a ja waya sai da takarda a hannu: a duba abu, a sa alama, a sa hannu. Dattawan sana'a na ganin raini ne a miƙa wa ƙwararre jerin abin da ya sani tun yana yaron shago. Matasan Adar kuwa, daga Tabotaki da Buza da Keita da Madawa, waɗanda ci-rani ke kai wa Kano da Abijan, suna tarar da takardar tana jiransu a manyan ayyuka.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne matuƙa jirgin sama suka ƙirƙiro ta. Ran 30 ga Oktoba 1935 wani sabon jirgin Boeing, samfurin 299, ya faɗi jim kaɗan da tashi a filin Wright da ke Ohio ta Amurka. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, ƙwararre ne, amma an manta ba a sake makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa ba. Daga nan aka rubuta wa matuƙa jerin abin dubawa. Likitoci suka ɗauka daga baya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata na ɗakin tiyata a 2008.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai ni ban yarda daga nan takardar mai wayarin ta fito ba. Ta girmi jirgin da fiye da shekara hamsin, kuma tsoron gobara ne ya haife ta. A 1882, shekarar da Edison ya buɗe tashoshin wutarsa a Landan da New York, ƙungiyar injiniyoyin Ingila ta buga ƙa'idodin wayarin na farko, kuma sunansu ma ya nuna don hana gobara aka yi su. A shekarar ce kamfanin inshora na Phoenix ya fitar da nasa sharuɗɗan. Wanda zai biya diyya in gida ya ƙone ba ya karɓar "na san aikina". So yake a gwada, a rubuta, wani ya sa hannu. Amurka ta haɗa nata kundin a 1897, Faransa ta kafa hukumar Consuel a 1964 don tabbatar da wayarin kafin a ba da wuta. Abin da jirgin sama ya ƙara shi ne gajartawa da karantawa daki-daki a daidai lokacin aiki.

Cibiyar adana bayanai ce ta haɗa gadon biyu, domin a can kuskure ɓoyewa yake yi. Kowace babbar kwamfuta tana da hanyar wuta biyu, kuma wajibi ne kowace ta fito daga tushe dabam. In mai aiki ya jona duka biyun a allo ɗaya, fitilu za su kama, komai zai yi ta aiki shekara da shekaru, sai ranar da wuta ta ɗauke. Haka ta faru da kamfanin jirage na Delta a Agusta 2016: bayan na'urar wuta ta lalace a cibiyarsa ta Atlanta, aka gano kwamfutoci kusan 300 cikin 7,000 ba a jona su da wutar ko-ta-kwana ba. An soke tashin jirage sama da 2,000, asara ta kai dala miliyan 150. Layi ɗaya a takarda, "an bi kowace waya daga baki zuwa baki?", shi ne maganin wannan.

A ƙasarmu takardar ta fi zama dole, saboda dalilai biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko launi. Nijar na bin tsarin Faransa, inda shuɗiyar waya ita ce nutiral. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yau ya cika gine-ginen Nijeriya, shuɗiya ɗaya ce daga wayoyi uku masu ɗauke da wuta, baƙa ce nutiral. Ingila ba ta canza ba sai a 2004. Yaron da ya koyi aiki a Tawa ya tsallaka Sakkwato, in ya amince da idonsa bai sa mita ba, ransa ya sa a caca. Na biyu zafi. Jadawalin kaurin waya an lissafa shi ne bisa iska mai awo 30. A awo 45, wanda bazarar Adar ke kusanta, waya mai rigar PVC ba ta ɗaukar fiye da kashi 79 cikin ɗari na abin da aka rubuta mata. Wanda ya kwafi lissafin Turai bai gyara ba, gobara ya binne a bango.

Ƙara da cewa wutarmu ba ta da tabbas. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta taimaka, amma da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agusta 2023 kowa ya ga yadda kamfanin wutar ƙasa, NIGELEC, ya koma rabon wuta. Sauyawa zuwa batir da janareto, wanda a Turai gwajin shekara ne, a nan aikin kullum ne, kuma kowane sauyi yana gwada kowace ƙusa da aka ɗaure.

Kirana ga makarantun koyon sana'a na jihar Tawa da iyayen gidan shaguna shi ne su rubuta takardar dubawa da Hausa, su sa yara cike ta tun daga wayarin ɗaki ɗaya, kuma maigidan ya fara sa hannu a tasa.